Heinrich: Asali da Tarihin Wani Tsohon Suna na Jamusawa



Abin da za mu tattauna a kai yau suna ne guda ɗaya tak, wanda Jamusawa suka fi shekara dubu suna raɗa wa 'ya'yansu maza, watau Heinrich. Haka suke rubuta shi, amma wajen faɗa sai su ce "Hainrih". Mai yiwuwa wani ya ce, duk faɗin tarihin Jamus, da yaƙe-yaƙenta da masana'antunta, a rasa abin magana sai suna? To, wanda ya bi sawun wannan suna zai ratsa fadar sarakuna, ya bi ta majami'u da gidajen talakawa, har ya ƙetaro hamada ya iso Kano. A kan hanyar zai ga abin da muke so mu tabbatar a wannan jawabi, watau cewa ma'anar suna ba ta daɗewa a tunanin jama'a, kuma mutanen da suka amsa sunan su ne ke ɗaukaka shi, su yaɗa shi, ko kuwa su tsufar da shi.

Asalin Sunan

Heinrich ya fito ne daga tsohon Jamusanci, wanda aka yi amfani da shi tsakanin shekara ta 750 da ta 1050 ko kusa da haka. A tsofaffin takardu ana samunsa da siffar Haimirich ko Heimerich. Kalma biyu aka haɗa. Ta farko ita ce heim, ma'anarta gida ko mazauni. Har yanzu tana nan a Jamusanci, ita ce kuma ke ƙarshen sunayen garuruwa irin su Mannheim. Ta biyu ita ce rihhi, ma'anarta mai iko, mai mulki, ko mai wadata. Daga tushenta ne aka sami kalmar Reich da Jamusawa ke kiran daula da ita, kuma dangi ce ga rex ta Latin da raja ta mutanen Indiya, dukansu suna nufin sarki. Idan aka haɗa biyun sai a sami "mai iko a gida", abin da Bahaushe zai ce maigida. Waɗansu masana sun ƙara da cewa akwai wani tsohon suna, Haganrich, wanda rabinsa na farko ke nufin shingen da ya kewaye gida ko gona, kuma da tafiya ta yi tafiya sai shi ma ya narke cikin Heinrich.

Wannan haɗi na kalma biyu shi ne al'adar Jamusawan dauri wajen raɗa suna. Alal misali, Friedrich haɗi ne na zaman lafiya da iko, Dietrich na jama'a da iko, Ludwig na shahara da yaƙi, Konrad kuwa na jarunta da shawara. Suna da tarin irin waɗannan kalmomi, sai su ɗauki ɗaya daga sunan uba ko kaka su manna mata wata, don a ji sunan yaro a san gidansu. A wata tsohuwar waƙar jarumai da aka rubuta a Fulda wajen shekara ta 830, sunan kaka Heribrand, na uba Hildebrand, na ɗa kuwa Hadubrand. Kun ga ke nan tun a lokacin abin da aka fi kula da shi shi ne nuna zuri'a. Da harshe ya ci gaba da sauyawa sai ma'anar kalmomin ta dushe, har ya zama mai raɗa wa ɗansa Heinrich ba ya tunanin gida ko iko, yana tunanin wani mutum ne da ya sani mai wannan suna.

Zamanin Sarakuna

Mutumin da ya fara fito da sunan sarari shi ne Heinrich mai mulkin ƙasar Saksoni, wanda manyan ƙasa suka zaɓa sarki a garin Fritzlar a shekara ta 919. Mutanen baya sun yi masa laƙabi da Mai Tarkon Tsuntsaye, domin akwai wata tatsuniya da ke cewa yana cikin ɗana tarkonsa manzanni suka iske shi da labarin sarauta. Ya tarar da ƙasa a rarrabe, ga kuma mahaya dawaki daga Hangari suna kawo hari kusan kowace shekara. Sai ya nemi sulhu da su a 926, ya yi amfani da wannan sarari ya gina ganuwoyi, ya horar da barade, sa'an nan ya ci su da yaƙi a Riade a 933. Ya mutu a 936, aka binne shi a Quedlinburg. Ku riƙe sunan wannan gari, domin za mu komo gare shi. Ɗansa Otto ne ya gaje shi, wanda Paparoma ya naɗa sarkin sarakuna a birnin Rum a 962.

Na biyu shi ne tattaɓa-kunnensa, Heinrich II, wanda ya hau gado a 1002, aka naɗa shi sarkin sarakuna a 1014, ya mutu a 1024. Shi ya kafa kujerar bishop ta Bamberg a 1007. A 1146 Paparoma ya sa shi cikin jerin waliyyan cocin Katolika. Wannan ya yi wa sunan babban amfani. Daga ƙarni na 13 zuwa gaba sunayen waliyyai da na littafin Kirista, irin su Johannes da Peter da Nikolaus, suka mamaye ƙasar, tsofaffin sunayen gargajiya masu yawa suka ɓace. Heinrich ya tsira, domin suna ne na gargajiya, ga shi kuma yana da waliyyinsa.

Bayan haka sai sunan ya zama kamar na gado a fada. Daga 1039 zuwa 1125, watau shekara 86, duk sarkin da ya mulki Jamus sunansa Heinrich: na III, da ɗansa na IV, da jikansa na V. Na IV shi ne ya yi rigima da Paparoma Gregory VII a kan wa ke da ikon naɗa bishop-bishop, sarki ne ko coci. Paparoma ya kore shi daga cikin jama'ar coci, manyan ƙasa suka yi niyyar juya masa baya. Dole ya ƙetare duwatsun Alps a tsakiyar hunturu, ya je fadar Canossa a Italiya a watan Janairu na 1077, ya yi kwana uku yana jira a ƙofa cikin dusar ƙanƙara kafin a yafe masa. Har yau idan Bajamushe ya ce wane ya tafi Canossa, yana nufin ya ƙasƙantar da kansa ya je neman afuwa. Ba a kashe wannan rigima ba sai a zamanin Heinrich V, da yarjejeniyar garin Worms ta 1122. Sa'an nan aka yi na VI, wanda ya mutu a 1197, da na VII, wanda ya mutu a 1313. Ban da waɗannan bakwai akwai Heinrich mai laƙabin Zaki, mai mulkin Saksoni da Bavariya, wanda ake danganta kafuwar birnin Munich gare shi a 1158.

Akwai wani gida da ya kai wannan al'ada iyakarta, watau gidan sarautar Reuss a yankin Thuringia. Tun wajen shekara ta 1200 suka ɗauki al'adar raɗa wa kowane ɗa namiji Heinrich, don girmama sarkin sarakuna Heinrich VI wanda ya yi musu alheri. Uba Heinrich, ɗa Heinrich, wa da ƙane duk Heinrich. Da abin ya rikice sai suka shiga ba da lamba bisa ga jerin haihuwa a cikin dangi. Wani reshe na gidan yakan sake ƙidaya daga ɗaya a farkon kowane ƙarni. Ta haka aka sami Heinrich na 72, wanda ya sauka daga sarauta a 1848. Mulkinsu ya ƙare a 1918 tare da sauran sarautun Jamus, amma al'adar sunan ba ta ƙare ba. A watan Disamba na 2022 'yan sandan Jamus suka kama wani ɗan gidan, Heinrich na 13, bisa zargin ƙulla makircin kifar da gwamnati.

Daga Fada Zuwa Gidan Talaka

Abin da sarki ya sa, shi bafade ke so, abin da bafade ya sa kuwa, shi talaka ke sha'awa. Haka sunan ya gangaro daga sarakuna zuwa barade, daga barade zuwa 'yan kasuwa da maƙera da manoma. Da ya shiga bakin jama'a sai aka shiga gajarta shi, kamar yadda Abdullahi ya zama Audu, Muhammadu ya zama Mamman. Aka sami Heinz, da Heiner, da Hinz, a arewacin ƙasar kuma Hinrich da Heiko. Yawansa ya kai har ya shiga karin magana. Idan Bajamushe yana so ya ce kowa da kowa, ko duk wani tarkacen mutane, sai ya ce "Hinz und Kunz", watau Heinrich da Konrad a gajarce. Ku duba wannan abin mamaki: sunaye biyu na sarakuna ne suka wayi gari suna nufin mutumin da ba kowa ba ne. Ɗaukakar sunan ita ce ta jawo yawansa, yawansa kuwa ya jawo arharsa.

Wannan yawa yana cikin dalilan da suka sa aka buƙaci sunan dangi. In ƙauye ɗaya yana da Heinrich goma, dole a nemi abin rarrabe su, ko sana'a, ko garin asali, ko sunan uba. Shi kansa Heinrich ya haifar da sunayen dangi irin su Heinrichs, da Heinze, da Heinemann. Kamfanin Heinz mai yin tumatirin kwalba a Amurka sunan wanda ya kafa shi ya ci, Henry John Heinz, ɗan wasu Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa can.

Adabi ma ya nuna yadda sunan ya zama na kowa. Wajen ƙarshen ƙarni na 12 mawaƙi Hartmann von Aue ya rubuta labarin wani barde mai suna Heinrich da kuturta ta kama. A tatsuniyar farko ta littafin 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, wanda ya fito a 1812, sunan amintaccen baran ɗan sarki Heinrich. Haka kuma Goethe ya ba Faust, babban ɗan wasansa, wannan suna. Barde, da bara, da masani, duk suna ɗaya.

Sunan a Ƙasashen Waje

Bai tsaya a Jamus ba. A Faransa ya zama Henri, kuma sarakuna huɗu suka amsa shi, na ƙarshensu Henri IV wanda aka kashe a 1610. Mutanen Normandi da suka ci Ingila da yaƙi a 1066 su suka ƙetare da shi, ya zama Henry, aka yi sarakuna takwas da shi daga 1100 zuwa 1547. Talakawan Ingila kuwa Harry suke cewa, daga nan aka sami sunayen dangi irin su Harris da Harrison. A Sifen ya zama Enrique, a Italiya Enrico, a Holan Hendrik, a Polan Henryk. A Fotugal Henrique suke cewa, kuma shi ne sunan ɗan sarkin nan da ya mutu a 1460, wanda ya riƙa tura jiragen ruwa su bi gaɓar yammacin Afirka, abin da ya buɗe ƙofar ciniki, ya kuma buɗe ƙofar jigilar bayi ta teku zuwa Turai. Duk waɗannan sunaye tushensu ɗaya, ko da yake mafi yawan masu amsa su ba su san da haka ba.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. An haifi Heinrich Barth a Hamburg a 1821. A 1850 ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, cikin wata tafiya da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta. Ya sauka a Agadas a wannan shekara, ya bi ta Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, daga nan ya wuce Kukawa da Yola. A 1853 ya bi ta Sakkwato da Gwandu ya isa Tambutu. Abokan tafiyarsa biyu sun mutu a hanya, shi kaɗai ya koma Turai a 1855, ya buga labarin tafiyarsa cikin littattafai biyar a 1857 da 1858. Abin da ya rubuta game da kasuwar Kano da saƙa da rini har yanzu masu nazarin tarihi suna dogara da shi. Ya ji Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci. Amma abin lura ga jawabinmu shi ne, a duk tsawon tafiyar nan sunan da ya riƙa amsawa shi ne Abdulkarim. Sunan da sarakuna bakwai suka ɗaukaka a Jamus ba shi da wani nauyi a fadar Kano ko ta Kukawa, domin babu wanda ya san masu shi. Da zai koma ya tafi da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu ya yi aiki da J. F. Schön a Ingila, kuma labaran da ya bayar suna cikin farkon abin da aka buga na Hausa da haruffan boko.

Suna Ɗaya, Hali Daban-daban

Yanzu mu komo Jamus ta ƙarni na 19 da na 20, inda za mu ga yadda suna ɗaya ya zama abin neman shiga ga wani, ya zama makamin siyasa ga wani.

Mawaƙin nan Heinrich Heine, da aka haifa a Düsseldorf a 1797, Bayahude ne, kuma sunansa na yanka Harry. A zamaninsa akwai ayyukan hukuma da na jami'a da aka hana Yahudawa. A 1825, sa'ad da yake kammala karatun shari'a, ya karɓi baftisma, aka sa masa suna Christian Johann Heinrich. Duk da haka bai sami aikin da yake nema ba. Ya ƙare rayuwarsa a Faris a 1856, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Jamusanci. Wani mai sunan shi ne Heinrich Hertz, wanda a ƙarshen shekarun 1880 ya tabbatar da samuwar igiyoyin da rediyo ke aiki da su. Shi ma mahaifinsa daga zuri'ar Yahudawa ya fito.

Sai kuma Heinrich Himmler, da aka haifa a Munich a 1900. An raɗa masa sunan ne don girmama wani ɗan sarkin Bavariya mai suna Heinrich, wanda mahaifin Himmler ya taɓa koyarwa. Shi ne ya zama shugaban rundunar SS a mulkin Hitler, yana kuma cikin manyan waɗanda suka tsara kisan Yahudawa miliyan 6. A ranar 2 ga Yuli, 1936, da Heinrich na farko ya cika shekara 1000 da mutuwa, Himmler ya shirya gagarumin biki a kabarinsa a Quedlinburg, garin da muka ce ku riƙe sunansa. Daga baya SS suka karɓe majami'ar suka mai da ita wurin bukukuwansu. Nufinsa shi ne ya jingina kansa da tsohon sarkin, ya nuna wa jama'a cewa aikin takwaransa yake ci gaba da shi. A zamanin gwamnatin nan ne aka ƙone littattafan Heine a 1933, ita ce kuma ta kafa doka a 1938 cewa duk Bayahuden da sunansa ba ya cikin wani jeri da hukuma ta tsara, dole ya ƙara Israel in namiji ne, ko Sara in mace ce. Watau hukuma ta ɗauki suna ta mai da shi shinge tsakanin mutane. Himmler ya kashe kansa a hannun sojan Ingila a watan Mayu na 1945.

Duk da haka sunan bai mutu tare da shi ba, kamar yadda sunan Adolf ya kusa mutuwa. Dalili kuwa shi ne masu amsa shi sun yi yawa, ba zai yiwu mutum ɗaya ya mallake shi ba. Heinrich Lübke ya yi shugabancin Jamus ta Yamma daga 1959 zuwa 1969. Heinrich Böll, wanda ya yi aikin soja a yaƙin, ya kuma shafe rayuwarsa yana rubutu a kan ɓarnar yaƙi, ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1972. Abin da ya rage wa sunan kasuwa shi ne sauyin yayi. Bayan yaƙin duniya na biyu iyaye suka juya ga waɗansu sunaye, har Heinrich da Heinz suka zama sunayen kakanni. Amma kuma tun daga shekarun 2010 Henry da Henri suka shiga sahun sunayen da Jamusawa suka fi raɗa wa jarirai. Sunan da ya fita daga ƙasar ɗaruruwan shekaru da suka wuce ya komo gida cikin rigar Ingila da ta Faransa, aka karɓe shi kamar baƙo.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, mun ga yadda kalma biyu masu nufin maigida suka zama sunan sarakuna, sa'an nan na waliyyi, sa'an nan na kowa da kowa. Mun ga wanda ya ɗauki sunan don ya sami shiga, da wanda ya ajiye shi a bakin hamada don ya sami hanya, da wanda ya raɓu da shi don ya halatta zalunci. A cikinsu duka babu wanda ma'anar sunan ta asali ta dama.

Darasin da ke ciki ga mai neman ilmi biyu ne. Na farko, suna shaida ce ta tarihi, daidai da tsohuwar takarda ko ganuwa. Wanda ya lura da lokacin da wani suna ya yawaita da lokacin da ya ja baya, zai gane wa jama'a ke girmamawa a wannan zamani, da kuma inda iko yake. Na biyu, idan muka ga mai neman mulki yana raɓuwa da kabarin wani babban mutum na da, yana tinƙaho da cewa sunansu ɗaya ko gidansu ɗaya, to mu tuna da Quedlinburg, mu auna shi da aikinsa. Takwara ba ya gadon hali.

Nan za mu dakata, domin a bar lokacin tambayoyi da ƙarin bayani daga malamanmu.